Takaicin Ƙuruciya a Zuciyar Dattijo

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai



Mai girma shugaban taro, iyayenmu malamai da suka koyar da mu, shugaban makaranta na yanzu da mataimakansa, shugabannin ƙungiyarmu, 'yan uwana tsofaffin ɗalibai, barkanmu da sake ganin juna. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, malamai da ɗalibai, Allah ya jiƙansu da rahama, ya kyautata namu zuwan.

Kwamitin shirye-shirye ya bar mini zaɓin abin da zan yi magana a kai, ni kuwa na zaɓi wani abu da kowa ya san da shi amma ba a cika faɗarsa a gaban jama'a ba. Duk shekara idan muka taru hirarmu ɗaya ce: gabza da waken da ƙwari ke iyo a kansa, tsallen kwaɗo, yankan ciyawa da tsakar rana, ɗebo wa siniya ruwa tun kafin asuba, da tarar da ake cin wanda aka kama yana Hausa a aji. (Yau ga shi ina jawabi da Hausa a gaban malamin Turancinmu, babu mai rubuta sunana.) Mukan yi dariya har da hawaye. To amma idan mutum ya lura, zai ga ba kowa ke dariyar ba. Akwai kuma waɗanda ba sa zuwa sam. Sakatare shaida ne, an aika takarda, an buga waya, an tura aboki, amsar dai ita ce, "Ni da makarantar nan har abada," ko kuwa, "In wane zai zo, ni ba za ku gan ni ba." Mutum ya ba hamsin da biyar baya, ga furfura ga jikoki, wani ma ya riƙe manyan muƙamai, amma marin da aka yi masa yana aji biyu har yau bai huce ba.

Kada wani ya zaci zan ce abin ba komai ba ne. Wanda ke cewa "ai ƙuruciya ce" galibi ba shi aka yi wa ba. A ƙasar Birtaniya akwai wani bincike da ke bin diddigin yara fiye da 17,000 waɗanda aka haifa cikin mako guda a watan Maris na 1958. An tambayi iyayensu, lokacin yaran suna shekara 7 da kuma 11, ko ana cin zalinsu a cikin 'yan uwansu yara. A 2014 masana daga King's College ta Landan suka duba abin da ya zama makomar waɗannan yara, sai suka tarar waɗanda aka ci zalinsu sun fi sauran fama da baƙin ciki mai tsanani da fargaba da rashin lafiya har suka kai shekara 45 da 50. Shekara arba'in ke nan bayan abin ya faru. Saboda haka ɗan uwanmu da ya ƙi zuwa taro ba shagwaɓa yake yi ba, miki ne gare shi.

Sai dai ya kamata mu rarrabe, domin ba duk abin da ya ɓata mana rai ne ya zama zalunci ba. Akwai zalunci na gaske: dukan da ya bar tabo, ƙwace abincin yaro ya kwana da yunwa, ƙazafin sata da ya jawo kora, da wasu abubuwan da ba za su faɗu a nan ba. Akwai kuma takaici, wanda shi ne ya fi yawa. An hana ni zama firifet an ba wanda na fi ƙoƙari. An tura ni ajin adabi alhali kimiyya nake so. An sa ni maimaita aji. Malam ya karanta makina a asambili aka yi mini dariya. Babana bai taɓa zuwa ranar ziyara ba, ina kallon iyayen wasu da kwanukan abinci. Waɗannan duk suna da ciwo, musamman ga yaro ɗan shekara goma sha uku da aka raba da gida karon farko. Amma abin da ke hana su warkewa, mafi yawan lokaci, yana cikin yadda muke riƙe da su.

Mu da muka taso kusa da dabbobi mun san tuƙa. Saniya ta yi kiwo da rana, da dare ta kwanta ta dawo da ciyawar baki ta sake taunawa. Masana halayyar ɗan Adam da wannan kalma suke kiran saƙa da warwarar da mutum ke yi a kan abin da ya ɓata masa rai. Wata malama a Jami'ar Stanford ta Amurka, Susan Nolen-Hoeksema, ta auna yanayin zukatan wasu ɗalibai mako biyu kafin girgizar ƙasar da ta auku a yankin San Francisco a watan Oktoba na 1989. Ba ta san girgizar na tafe ba, dacewa ce kawai. Da ta sake auna su bayan kwana goma, da kuma bayan mako bakwai, sai ta ga waɗanda tun asali suke da ɗabi'ar tuƙa sun fi daɗewa cikin damuwa, alhali girgiza ɗaya ce ta same su duka. Ita saniya tana samun nono da ƙiba daga tuƙarta. Mu kuwa mai tuƙa yana zaton tunani yake yi, yana zaton in ya ƙara juya maganar sau ɗaya zai gano bakin zaren, amma tambayoyin nasa ba masu amsuwa ba ne: don me ni, don me ya yi mini haka, da an bar ni na yi kimiyya da yanzu ina ina. Ya kwana a kansu, gari ya waye ba abin da ya canja sai hawan jini.

Wani abin kuma da ya kamata ya sa mu yi hattara shi ne ita kanta tunawar. Muna ɗaukarta kamar kaset, wai abin da aka naɗa shi za a ji. Ashe ba haka take ba. Wani likitan ƙwaƙwalwa a Shikago, Daniel Offer, ya yi wa wasu yara maza 'yan shekara 14 tambayoyi a 1962 game da gidajensu da makarantarsu da irin horon da ake yi musu. Bayan shekara 34 ya nemo 67 daga cikinsu, suna da shekara 48, ya ce su tuno abin da suka ji a wancan lokaci. Sakamakon da aka buga a 2000 ya nuna a yawancin tambayoyin, abin da dattawan suka tuna bai dace da abin da suka faɗa da bakinsu suna yara ba, kusan daidai da a ce canka suka yi. Kuma ba ƙarya suke yi ba, sun gaskata abin da suke faɗa. Labarin da mutum ya ba kansa sau dubu yakan goge, wasu sassan su faɗi, wasu su ƙara kauri. Marin ya rage, amma ranar da wannan siniyan ya raba sabulunsa biyu ya ba ka rabi ta ɓace.

Na taɓa zama tsakanin wasu 'yan uwanmu biyu a wajen wani ɗaurin aure. Ɗaya ya yi shekara talatin da wani abu ba ya gaishe da ɗayan, saboda ya sa shi durƙuso a kan tsakuwa ranar da iyayensa suka zo ziyara, suka gan shi a haka. Da aka tayar da maganar, wanda ake tuhuma ya yi shiru, ya yi ta lalube a ransa, wallahi bai tuna ba. Bai musa ba, ya ce zai iya yiwuwa, don ya sa mutane da yawa durƙuso. Ya ba da haƙuri nan take. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne fuskar mai ƙorafin. Shekara talatin yana bin bashi, wanda ake bi bai ma san an rubuta sunansa a littafi ba.

Ina roƙonku ku yi wani lissafi. Shi wannan firifet da muke gani kamar Fir'auna, shekararsa nawa a lokacin? Goma sha bakwai, in ya yi yawa goma sha takwas. Ku dubi ɗanku ko jikanku mai wannan shekaru, wanda har yanzu sai an tashe shi salla, ku ce an damƙa masa ɗakin kwana mai yara sittin da bulala a hannu, babu babba kusa daga ƙarfe goma na dare har asuba. Shi ma kuma shekara huɗu kafin nan shi ke wanke wa wani kaya, an koya masa cewa haka ake yi, in ka kai aji biyar ka rama a kan na baya. Wannan ba ya wanke shi, domin a cikinsu akwai waɗanda aka ba ikon nan ba su zalunci kowa ba, kuma mun san su, wasunsu suna zaune a nan. Amma wanda muke gaba da shi yaro ne, kuma yaron nan ya daɗe da tafiya. Dattijon da ke ɗauke da sunansa yau yana fama da ciwon gwiwa da kuɗin makarantar 'ya'ya kamar kowa.

Haka malamanmu, Allah ya saka musu da alheri. A idonmu a lokacin dukansu tsofaffi ne, masu sanin komai, masu ikon komai. Yanzu da muka girma mun san da yawansu ba su wuce ashirin da biyar ba. Wasu 'yan hidimar ƙasa ne, shirin da aka fara a 1973, an kawo su daga nesa ko gaisuwa ba su iya da Hausa ba. Mu da muka shiga a 1979 muka fita a 1984, mu tuna irin zamanin da muka yi karatu a cikinsa. An fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, rukunin farko na waɗannan yara suka iso sakandare a 1982, azuzuwa da ɗakunan kwana suka cika suka batse. A wannan shekarar ce kuma kuɗin man fetur ya ja baya har gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, malamai a jihohi da dama suka yi watanni ba albashi. A watan Janairu na 1983 aka umarci baƙin da ba su da takardu su bar ƙasar, 'yan Ghana masu ɗimbin yawa suka koma gida, makarantu da dama suka rasa malamansu. Wanda ya ce an hana shi kimiyya, ya tambayi kansa ko akwai isassun malaman lissafi da ɗakin gwaji da za su ɗauki kowa. Sau da yawa abin da muka ɗauka ƙiyayya ce aka yi mana mu kaɗai, rabon abu kaɗan ne tsakanin mutane da yawa, kuma mai rabon shi ma da yunwarsa. Yaro ba zai ga wannan ba, kuma ba a zarginsa. Dattijo kuwa ya riƙe ofis, ya yi rabon da bai isa ba, ya san yadda ake kwana da zagin wanda bai samu ba.

Wani zai ce, to ina ruwan wani in na riƙe abina a zuciya, wa na cuta? Nan ne nake so mu daɗe kaɗan, domin takaicin da ba a sauke ba yakan nemi wanda zai hau, kuma ba ya hawa kan wanda ya jawo shi, na kusa yake samu. Mun san uban da bai sami shiga likitanci ba, ya rantse sai ɗansa ya zama likita. Yaron yana son aikin gona ko zane-zanen gini, ya rubuta jarrabawar JAMB sau uku don faranta wa uba, shekarunsa suna tafiya, gida ya zama kotu. Mun san wanda aka yi wa dariya don talaucin gidansu, yau ya kashe kansa da bashi don kada a ce motarsa ta gaza ta wane. Mun san wanda ya sha bulala ya ce ai ita ta gyara shi, yake dukan 'ya'yansa fiye da yadda aka dake shi, da kuma wanda ya ce ɗansa ba zai taɓa jin ko tsawa ba, ya sangarta shi. Akwai ma wanda takardar ɗan tsohon siniyansa ta biyo ta teburinsa, ya tura ta ƙasan fayil. Yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba ya biya bashin durƙuson da aka yi tun ba a haife shi ba.

Ga kuma ritaya ta iso mana. Ma'aikacin gwamnati yana ajiye aiki in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, kuma yawancinmu mun kai ko muna dab da kaiwa. Muddin ana fita ofis da safe, hidima tana danne abubuwa da yawa. Ranar da aka daina, waya ta rage ƙara, 'ya'ya suka watse, mutum ya zauna a ƙofar gida daga hantsi zuwa azahar, a nan tsofaffin maganganu ke dawowa ɗaya bayan ɗaya. Abokan da za su ɗebe masa kewa a wannan lokaci kuwa su ne waɗanda suka san shi tun yana sa gajeren wando, wato su ne waɗanda ya yanke.

Hausawa suna cewa waiwaye adon tafiya, ban zo in hana kowa waiwaye ba, wannan taro ma ai waiwaye ne. Kuma saukewa ba ta nufin mutum ya ce ba a yi masa komai ba. Dubi ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, wadda Musulmi da Kirista a cikinmu duk suka sani. Yana yaro 'yan uwansa suka jefa shi rijiya, ya zama bawa, ya yi zaman kurkuku. Ranar da suka tsaya gabansa yana da ikon yi musu duk abin da ya ga dama, bai yi kamar ya manta ba. Ya ambaci abin da suka aikata a gabansu, kowa ya san an yi, sannan ya yafe, ya ce a kawo masa mahaifinsa da iyalansu. Wannan tsari nake ganin ya fi dacewa da mu: a faɗi abin da sunansa sau ɗaya, a wurin da ya dace, a rufe littafin. Yafiya kuma ba ta tilasta abota. Kana iya yafe wa mutum ku tsaya a gaisuwa.

Wanda zai iya tarar mutumin, ya tare shi su biyu, ba a gaban taro ba. Wanda nasa ya rasu, ko ba zai iya haɗa ido da shi ba, ya sami amini ɗaya ya amayar masa, ko ya ɗauki takarda ya rubuta. Kada a raina rubutun. Wani masani a Amurka, James Pennebaker, ya gwada a 1986: ya sa ɗalibai su rubuta abin da ya fi ƙona musu rai, minti 15 a rana har kwana huɗu, sai aka ga zuwansu asibiti ya ragu a watannin da suka biyo baya. Bambancin rubutu da tuƙa shi ne rubutu yana da farko yana da ƙarshe. Wanda kuma abin ya kai shi ga rashin barci, ko firgita cikin dare, ko jin rayuwa ta ishe shi, wannan ya wuce shawarar aboki, ya ga likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, ban da sassan da ke asibitocin koyarwa, kuma zuwa can ba hauka ba ne, kamar yadda zuwa awon suga ba mutuwa ba ce.

Masu takaicin karatun da ya kufce kuwa, maganarsu gajera ce. Janar Yakubu Gowon, bayan an hamɓarar da gwamnatinsa a watan Yuli na 1975, ya koma aji a Jami'ar Warwick ta Ingila ya zauna cikin samari, har ya kai ga digirin digirgir a kimiyyar siyasa. Cif Olusegun Obasanjo ya kammala nasa digirin digirgir a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa yana da shekara 80. Jami'ar tana nan da cibiyoyinta a jihohi, ba ta tambayar furfura. Likitanci ƙila ya wuce, amma wanda ƙishirwar karatu ce ke damunsa da gaske, ga rijiya.

Iyayenmu malamai, da ku tsofaffin firifet, ina da roƙo a gare ku. Idan wani ya zo muku da irin wannan magana, don Allah kada ku tare shi da "ai don gyaranka na yi," ko "ba ga shi ka zama mutum ba." Ya san ya zama mutum. Ya ɗauki shekara arba'in kafin ya iya buɗe baki, ku bar shi ya kai aya. In kun tuna, ku ce kun tuna. In ba ku tuna ba, ku faɗi gaskiya, ku ce in haka ta faru a yi haƙuri. Wannan ba ya rage girman malami ko kaɗan. Kuma ku dubi layin kujerun gaban nan, bana ya fi na bara gajarta. Wanda ke da magana da malaminsa, ta godiya ce ko ta ƙorafi, kada ya jira taron baɗi.

Shugaban taro, kafin in zauna ina da shawara ga ƙungiya. A daren yau akwai yaro ɗan aji ɗaya da zai kwana a gadon da ɗayanmu ya kwana, kuma babu wanda ya fi mu sanin abin da kan faru bayan an kashe fitila. Mun saba kawo gudummawar fenti da kujeru da kofin ƙwallo, duk suna da kyau. Ina ba da shawara a kafa ƙaramin kwamiti, a sa waɗanda suka sha wuya da waɗanda suka riƙe bulala a cikinsa tare, ya zauna da shugaban makaranta a kan abu uku: gyaran gidajen malaman da ke kusa da ɗakunan kwana don a sami babba a wurin da dare, ruwan da zai wadata don kada ƙananan yara su zama 'yan ga-ruwan manya, da malami guda mai ba da shawara wanda yaro zai iya kai wa kuka ba tare da sunansa ya fita ba. Kwamitin ya kawo mana rahoto da ƙiyasin kuɗi a taro mai zuwa. Ni na sa sunana, takardar tana wajen sakatare ga mai son ya sa nasa kafin a tashi cin abinci, wanda aka tabbatar mini ba gabza ba ce.